Yaran Aro a Moshi Zongo

Aikina shi ne zuwa bayan kowa ya gama nasa. Wasu su rubuta takardar neman tallafi, wasu su aiko da kuɗi daga ƙasar da ban taɓa takawa ba, wasu su yi aikin, sannan a tura ni in je in duba ko abin da aka ce an yi ɗin an yi shi da gaske. In na rubuta cewa aiki yana tafiya, a ƙara musu wa'adi. In na rubuta akasin haka, a rufe famfo. Shi ya sa ba mai murnar ganina tsakani da Allah, ko da yake duk inda na sauka sai an yanka mini zabo. Na ci zabin Tamale da ƙauyukanta har na fara jin kunyar haɗa ido da masu rai.

A wata damina, ba da daɗewa ba, ofishinmu ya samu aikin duba wata ƙungiyar matasa a unguwar Moshi Zongo, cikin garin Tamale. Na ji daɗi, gabana kuma ya faɗi, don can aka yanke mini cibi, aure ne ya kai ni unguwar Dabokpa. Duba aikin mutanen da suka san ki tun kina yawo da majina ba ƙaramin abu ba ne.

A takarda, sunanta ƙungiyar lafiyar matasa. A zahiri kuwa ƙungiyar yara masu sikila ce, cutar nan ta jini da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba a warkewa sai dai a lallaɓa. Wata tsohuwar nas ce ta kafa ta bayan ta yi ritaya. Anti Nas kowa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Gajeriya ce, mai faɗa, ƙafarta ɗaya tana ɗan ja. Da tallafin take saya wa yaran ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro da rigunan sanyi, take sabunta musu katin inshorar asibiti. Ta kuma ɗaure alkawari da wani mai yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, cewa duk lokacin da ciwo ya tayar wa yaro a kira shi, ya kai shi asibiti ba ciniki. Ran Asabar suke haɗuwa a bayan gidanta ƙarƙashin mangwaro, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya. Maƙwabta sun ɗauka darasin makaranta take yi musu.

Ɓoyon yana da dalili. A zongo, wato unguwa irin tamu, in aka ce gidan wane akwai sikila, ba yaron kaɗai aka yi wa tambari ba, har 'yan'uwansa mata. Masu neman aure su canja hanya ba tare da sun ce uffan ba. Don haka sai a ce sanyin ƙashi ne. Na san wannan sarai, domin ƙanwata da ke bi na da wannan ciwon ta rasu, kuma har yau in zancenta ya taso uwarmu sanyi take cewa.

Wa'adin tallafin zai ƙare da ɗaukewar ruwa. Ko a ƙara ko a rufe, rahotonmu ne zai yanke.

Na ce rahotonmu don ba ni kaɗai ba ce. Masu ba da kuɗin sun haɗa ni da nasu mutum daga Akra, wani saurayi mai gilashi da ya karanci aikin lafiya. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Yakan cire takalmi tun kafin a ce masa, yakan cinye tuwon da aka zuba masa ko da yaji yana sa shi hawaye. Amma yana da aƙida guda da ba ya saki: abin da idonsa bai gani ba, hannunsa ba ya rubutawa. Rahoton kuwa sai da hannunsa da nawa yake tafiya.

Ranar zuwanmu Anti Nas ta same mu a ofis da safe, muka shiga farar motar aiki tare. Ni duk tsammanina bayan gidanta za mu, mu zauna a kan benci mu yi hira da yara mu tashi. Muna karya kwanar makarantar allo sai na hango rumfar haya, da kujerun roba jere, da lasifika tana ƙara. Dattawan unguwa sun zauna a gaba da manyan riguna. Mata sun yi anko. Magajiya, shugabar matan unguwar, tana tsaye tana ba da umarni da mafici. Na ji Anti Nas a gefena ta ja salati a hankali.

Daga baya na ji yadda aka yi. Dattawa ne suka samu labarin baƙo zai zo daga Akra, suka ce ba a shigar da baƙo unguwa ta ƙofar baya kamar ɓarawon akuya. Suka yi karo-karo suka ɗauko rumfa, ba su shawarci Anti Nas ba don suna so su ba ta mamaki. Da iyayen yaran suka ji cewa a fili za a yi abin, gaban kowa da kowa, sai suka taru a gidan Magajiya suka yi nasu shirin.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka yaba wa masu taimako har da kakanninsu. Sannan aka ce yaran ƙungiya su taso. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Yaro mai sikila ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi. Farin idonsa yana da ɗan rawaya, jikinsa bai cika ba, za ki ga saurayi ki ɗauka ɗan firamare ne. Waɗannan kuwa kumatu ne ɓul-ɓul, idanu farare tas. Akwai wani ƙato a cikinsu da ƙwanji kamar mai dakon buhu a kasuwa. Na waiwaya na dubi Anti Nas, ita kuma tana duban ƙasa. Ashe kowace uwa ta bar mai ciwon a ɗaki, ta wanke ɗan'uwansa mai lafiya ta shafe shi da mai ta kawo mana.

Abokin aikina ya jawo kujera kusa da su, yana tambaya da Turanci ina mayarwa da Hausa. Ya tambayi ƙaton nan yaushe rabon da ciwon ya tayar masa.

"Na warke," in ji shi. "Mun gode wa masu taimako."

Na biyu ma haka ya ce, na uku ma haka, kalma ba ta sauya ba. Wata 'yar ƙarama ta ƙara da "sarai" don ta burge mu. Ya tambayi wani wace ƙwaya yake sha kullum da safe. Yaron ya juya wajen mata yana neman fuskar uwarsa, ya ce, "Ja. Ko kuwa fara." Da ba aikina ba ne da na yi dariya har na faɗi daga kujera. Amma na ga saurayin nan ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, kuma na san ma'anar hakan.

Ya ci gaba da tambaya, kuma a cikin tambayar sunan cutar ya fito daga bakinsa. Bai ɗaga murya ba, amma sikila ba ta bukatar tafinta. Mai shayin da ke gefen rumfa ya ji, masu kallo ta bayan kujeru suka ji. Na ga maganar tana tafiya daga kunne zuwa kunne har ƙarshen layi. Abin da Anti Nas ta yi shekaru tana rufewa ya buɗe kafin a raba shinkafa.

Sai ya juya gare ta, a gaban kowa, ya tambaye ta ko waɗannan su ne yaranta. Ta ɗaga kai ta dubi matan nan da suka yi anko dominta, kowace ta ƙura mata ido.

"Yaran unguwarmu ne," ta ce.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba za ta ƙaryata mata a gaban baƙo da dattawa ba, ko da hakan zai ci ƙungiyarta. Na ji kamar in shaƙe ta, na kuma ji kamar in rungume ta.

A mota, bayan mun sauke ta, ya yi mini magana a natse. Ya ce abu biyu ne. Ko dai tsohuwar nan tana gaya wa masu sikila sun warke, wanda kisa ne, ko kuma yaran ba su taɓa yin cutar ba, ana karɓar tallafi da sunansu. Ko wanne ne, ba zai sa hannu a ce a ci gaba ba. Na yi masa bayanin zongo tun daga tushe, har muryata ta dushe. Ya saurara har ƙarshe.

"Madam, ni na yarda da ke," ya ce. "Amma su can ba su san ki ba, ni ma abin da na gani za su tambaye ni. Nuna mini yaran. Gobe da azahar zan kama hanya."

Ban ga laifinsa ba. Da wata unguwa ce ba tamu ba, ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Bayan la'asar na hau babur ɗina na koma Moshi Zongo, kai tsaye gidan Magajiya. Na tarar da su a tsakar gida suna rabon sauran shinkafa, suna ta nishaɗi, a ganinsu taro ya yi kyau. Na gaishe su a tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Magajiya ta ce in zauna, na ce zama bai kama ni ba.

"Mma," na ce mata, "wa ya ba ku wannan shawarar? Ku faɗa mini in je in yi masa jinjina. Garin neman gira kun rasa ido. Mutumin nan yanzu ya ɗauka Anti Nas ɓarauniya ce. Gobe zai tafi, kuma da tafiyarsa ba ƙwaya, ba kati, ba mai yalo-yalo. Ku da kanku kuka rufe."

Magajiya ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zane. Ba ta yi fushi ba, shi ne abin da ya ƙara ƙona mini rai.

"'Yata," ta ce, "wanda ya daɗe yana ciyar da ke, in ya zo ganin gida, ramammen yaro za ki miƙa masa? Sai ya ce abincinsa bai yi amfani ba. Mu mun so mu faranta masa ne. Kuma ke 'yar unguwar nan ce. Kin san abin da ake nufi da a tsayar da yarinya a rumfa a ce ga mai ciwo."

Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata daga gefe ta ce ai ba a bakin titi ake wankan ba. Na juya in ga wace ce mai bakin, sai na ga ƙawata ce ta ƙuruciya, wadda muka yi makarantar allo tare, muka sha bulala ɗaya. Mijinta ya rasu, koko take sayarwa da safe. Babbar 'yarta tana cikin waɗanda aka fara ƙungiyar da su. A ranar tana nan zaune a bakin baranda, siririyar budurwa da gyale a kafaɗa, ta kawo wa Magajiya ɗinki tana jira a sallame ta. Koyon ɗinki take a wani shago da ke mahaɗar titi.

"Ke kina da albashi," in ji ƙawata. "Ni wannan ce da ni. An kawo goron gaisuwarta wancan watan. Uban yaron shi ne mai shagon kayan babur da ke kallon shagonsu. Ba su sani ba. Anti Nas kullum tana cewa a faɗa musu, a sa yaron ya yi gwajin jini. Zan faɗa, wallahi zan faɗa, amma ba a lasifika ba."

Na zauna a kan turmi. Na ce to, ba rumfa, ba hoto, ba rubuta suna. Gobe da safe a bayan gidan Anti Nas, kamar yadda suka saba, ta ƙofar baya. Ko kaɗan ne suka zo ya isa. Suka dubi juna, suka ce to, Allah ya kai mu. Na san irin wannan to ɗin, da shi aka raine ni. Yarinyar ta karɓi ledarta ta durƙusa ta yi mana sallama.

Washegari aka tashi da yayyafi da sanyi, irin ranar da masu ciwon suka fi tsoro. Muka ajiye motar nesa muka taka zuwa gidan, amma a banza. Duk unguwa ta san inda baƙon Akra ya nufa, ta kuma san dalili. Lungun ƙofar baya, wanda ko akuya ba ta cika bi ba, ranar nan ya samu jama'a. Wata ta fito tsince shinkafa a bakin ƙofa cikin yayyafi. Wani tsoho ya kawo rediyonsa gyara inda ba mai gyara. Duk wanda ya shigo ta ƙofar nan ya sanar da kansa.

Anti Nas ta jera benci a baranda, ta dafa ruwan zafi ta cika babban filas, ta ajiye kofuna. Muka zauna. Duk motsin da ƙofa ta yi sai ta ɗaga kai, iska ce. Ba ta roƙi saurayin nan ba, ba ta kare kanta ba. Sau ɗaya kawai ta yi magana, kuma ba da mu take ba.

"Irin wannan sanyin," ta ce, "kafin dare wani zai tashi."

Da rana ta yi tsaka ya duba agogo, ya miƙe, ya riƙe hannunta da hannu biyu ya ba ta haƙuri. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ma ƙunsa masa gyaɗa soyayya a leda. Ni ban iya yi mata sallama ba, na fita da sauri kamar an kira ni.

Direba yana tafiya a hankali saboda taɓo. Mun iso mahaɗar titi ke nan sai ya taka birki da ƙarfi. 'Yar ƙawata ce a tsakiyar hanya, ba lema, igiyar awo a wuyanta, almakashi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Ta zagayo wajen tagar abokin aikina ta ƙwanƙwasa. Ya sauke gilashi. Masu shaguna duk suna bakin ƙofa suna jiran ruwa ya tsagaita, har da uban saurayinta a kan benci da carbi.

Da Turancinta na makaranta ta gaya masa, sannan ta maimaita da Hausa, ban san don wa ba.

"Ni ce. Ina da sikila. Anti Nas ba ta yi ƙarya ba."

Ta sa yatsa ta ja fatar idonta ƙasa don ya gani. Na buɗe ƙofa na ce ta shigo maza. Ta shigo ta zauna kusa da ni, jikinta yana ɓari, rigarta a jiƙe. Na cire mayafina na lulluɓe ta. Na ce, "Ke, me ya sa ba ki aiko an kira ni ba?" Ta ce tun safe take son zuwa, uwarta ta raka ta har shago ta roƙe ta da girman Allah kada ta zo. Ta yi ta ɗinki tana warwarewa. Da ta hango motar tana fita, ba ta san lokacin da ta tashi ba.

Muka juya. Anti Nas tana kwashe kofuna muka shigo, ta ga wadda ke bayana, ta tsaya cak. Abin da ta fara cewa shi ne, "Cikin ruwan nan, ba rigar sanyi? Sau nawa zan gaya miki?" Ta jawo ta ciki ta sauya mata kaya, ta ɗura mata ruwan ɗumi kofi biyu, tana yi tana faɗa tana share ido da gefen ɗankwali.

Sannan yarinyar ta zauna a gaban baƙon. Ba jawabi ta yi ba. Ya tambaya, ta amsa. Ta nuna masa tabon gyambo a idon sawunta. Ta faɗi sunan ƙwayoyinta da lokacin shan su, ta faɗi yadda take gane ciwo yana tafe tun daga ƙugu. Ta ce kafin ƙungiyar ta ɗauka ita kaɗai Allah ya yi haka a duniya, sai ranar Asabar ta farko da ta shigo ta ga idanu irin nata a jere a kan benci. Ya tambaye ta abin da ƙungiyar ba ta yi daidai ba. Ta ce ƙwaya takan yanke kafin a kawo wata, kuma akwai wani yaro da mai yalo-yalo ya kai asibiti bara amma bai dawo ba. Ta saci kallon Anti Nas ta ce kuma faɗa ya yi yawa. Abokin aikina ya yi dariya, karo na farko tun da ya sauka a Tamale, ya ɗaga waya ya ɗage tafiyarsa.

Muna cikin haka ƙawata ta shigo, ta ƙofar gaba, ba mayafi, da gani gudu ta yi. Na miƙe, don na ɗauka mari za ta kai. Ta tsaya ta dubi 'yarta. Sai ta zauna a ƙasa kan siminti mai sanyi, ta ɗauki ƙafafun yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta rufe su da zanenta tana murzawa.

Ashe yaran suna da nasu zauren hira a waya wanda iyaye ba su sani ba, can labarin ya bazu. Kafin la'asar wasu suka fara shigowa. Ba duka ba, ba ma rabi ba. Wani ya zo shi kaɗai ta kan katanga. Wata uwa ta riƙo hannun ɗanta ta ratsa lungun nan kanta a sama, ta ce wa mai tsince shinkafa sannu da aiki. Ƙaton nan mai ƙwanji ma ya zo, goye da ƙanensa wanda ciwo ya fara taɓawa, ya sauke shi a hankali ya koma gefe yana sosa ƙeya. Abokin aikina ya gane shi, ya tambaye shi da Turanci ko har yanzu a warke yake. Ya ce sarai.

Mun rubuta rahoton a ofis, mun faɗi komai har da rumfar, ba mu sa sunan kowa ba. Na nace aka sa cewa duk wanda za a sake turowa, kada a sanar da dattawa ranar zuwansa, kada kuma ya zo da farar mota. Amsa ta daɗe ba ta zo ba, har na daina kwana da kyau. Da ta zo, an ƙara wa'adin, ba kamar yadda muka nema ba, amma an ƙara. Na kira Anti Nas na gaya mata. Ta ce alhamdulillahi, ta ce in kashe waya tana da tukunya a wuta.

Ɗaya labarin kuwa ba a waya na ji shi ba, a wajen suna na ji. Uwar saurayin yarinyar ta je gidan ƙawata da wasu mata biyu, cikin mutunci, suka sha ruwa, suka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ban zage ta ba, uwa ce ita ma. Yaron ne ya ba ni haushi. Ko sallama bai zo ya yi ba, kuma kullum yana shagon ubansa yana kallon ƙofar shagonsu.

Na yi makonni ina kewaye mahaɗar nan ta wata hanya. Daga ƙarshe na ɗauki wani yadi da ba na bukatar ɗinkawa na je. Na sami yarinyar a kan keken ɗinki, uwar ɗakinta ta fita sallah. Ta tashi da murna ta karɓi yadin, ta sa ni na miƙe tana auna ni, tana tsokanata wai zabin ƙauye sun fara nunawa a ƙuguna. Na bari sai da ta zagaya bayana, don ba zan iya faɗa ina kallon fuskarta ba. Na ce na ji abin da ya faru, kuma abin yana damuna, don a dalilin aikina ne.

Ta tsayar da igiyar a kafaɗata. Ta ce ta yi kuka, ba za ta ɓoye mini ba, tana son sa. Har yanzu in ya tayar da babur takan gane ƙarar nasa ne.

"Amma Anti," ta ce, "ciwon ya tayar mini wancan makon. Tun ina ƙarama in ya tashi, zane Mma take ba ni in cusa a baki, kada maƙwabta su ji. Wannan karon na yi ihuna son raina. Matar gidan da ke kusa da mu ta shigo da ruwan zafi, ta riƙe mini hannu har mai yalo-yalo ya zo."

Ta ce in ɗaga hannu ta auna tsawonsa. Na ɗaga, na bar fuskata tana kallon bango.